'Yata na son tafiya aikin sa-kai koyar da Ingilishi, wa ya san irin zaman da suke yi?

Baban Nana (Greensboro): Assalamu alaikum 'yan uwa. Shawara nake nema, musamman wajen mutanenmu na Nijar da Ghana da suka taɓa zama da yaran nan na Amurka 'yan Peace Corps, hukumar aikin sa-kai ta gwamnatinsu. Babbar 'yata, wadda aka haifa a nan Amurka, ta gama jami'a bana, ta ce ita ba aikin ofis take so yanzu ba, aikin sa-kai za ta tafi koyar da Ingilishi. Wata 27 ne gaba ɗaya: kusan wata 3 na horo, sai shekara 2 a garin da aka tura mutum. Benin da Indonesiya take dubawa. Tun da uwarta ta ji maganar barci ya ƙaurace mata. Ni na baro gida ne don 'ya'yana su huta da jan guga, ga shi ita da hannunta take cike takardar komawa bakin rijiya. Abin da ke rubuce ta karanta mini, ba shi nake tambaya ba. Ina suke kwana, me suke ci, yaya wuninsu yake, wa ke duba su in ciwo ya kama su?

Inna Mai Fura: Wa alaikumus salam. Alhaji, kafin a je ga abinci, aure fa? Yarinya ta gama karatu sai a bar ta ta shiga duniya shekara biyu ita kaɗai?

Baban Nana (Greensboro): Inna, tambayar farko da uwarta ta yi ke nan. Mu ajiye wannan tukuna, za mu dawo kanta.

Mushe Tsoho: Alhaji, ka zo gidan maganar. Na koyar da Ingilishi a kwalej, wato ƙaramar sakandare, a jihar Maraɗi zamanin Kunce, kuma ajina da na wani ɗan sa-kai bango ɗaya ya raba su. Mutanen gari suka raɗa masa suna Sani, don na gidansu ya gagari bakin kowa. Dukansu haka ake yi musu.

Gidansa na laka ne, ɗaki biyu da tsakar gida, da shadda a kusurwa. Babu wuta, babu famfo. Mai ga-ruwa ke cika masa randa da safe, ruwan shansa kuwa sai ya tafasa ko ya tace a wata matata da ofishinsu ya ba shi. Da bazara ɗaki ba ya shiguwa, sai ya fito da gadon kara tsakar gida ya ɗaura gidan sauro, kamar kowa. Da hunturu leɓensa ya tsattsage, ƙafarsa ta yi kaushi, muna yi masa dariya muna ba shi man kaɗanya. Karin kumallo koko da ƙosai a bakin hanya, ko burodi da shayi wurin mai tebur. Da dare gidan maƙwabcinsa ke aiko masa da tuwon gero da miyar kuka, shi kuma ƙarshen wata ya sayi buhun hatsi ya aika. Wasiƙa daga gida sai ta yi makonni a hanya. Ranar da motar gidan waya ta iso, ko ba a faɗa maka ba kana ganin fuskarsa ka sani.

Amma ka san me ya fi ba shi wahala? Ba zafi ba ne, ba sauro ba ne. Aji ne. Yara sama da 60 a ajin farko na kwalej, uku uku a tebur, littafi ɗaya na yawo tsakaninsu. Ɗalibi Hausa yake yi a gida, Faransancinsa bai nuna ba, ga shi an ce ya ɗauki harshe na uku. Malamin kuma Faransancinsa bai kai na yaran ba. Watan farko in na wuce ta tagarsa sai in ji kamar ranar kasuwa. 'Yan sa-kai ba sa duka, yara kuwa sun gane hakan tun a makon farko.

Abu Sumayya: Baba Mushe, da girmanka, amma ni wannan labarin tuwo da miyar kuka bai taɓa ruɗa ni ba. Wane ne zai bar Amurka ya zo ya kwana a gadon kara fisabilillahi? Ko leƙen asiri, ko mishan. Ba a yin komai a banza.

Ɗalibin Harshe: Malam Abu Sumayya, a raba abu biyu. Hukumar ta gwamnatin Amurka ce, ba ta coci ba, kuma ƙa'idarsu ta hana ɗan sa-kai wa'azin addini. Batun leƙen asiri kuma, wanda ya taɓa aiki da CIA ba a ɗaukarsa har abada, sun sa wannan ne don sun san zargin da za a yi musu. Amma cewa ba a banza ba ne, nan kam gaskiyarka. Shugaba Kennedy ya kafa ta ranar 1 ga Maris 1961, ana tsakiyar yaƙin cacar baka, ƙasashenmu sun samu 'yanci ke nan, Rasha na zawarcinsu. Su da kansu ba su ɓoye ba: cikin manufofinsu uku, ɗaya ce kawai ta shafi taimako da ma'aikata. Sauran biyun su ne mutane su san Amurkawa, Amurkawa su san mutane. To wanda ya rubuta manufarsa a fili ai ba ɗan leƙen asiri ba ne, ɗan talla ne.

Kuma tallar tun farko ta so ta ɓaci. A Oktoba 1961 wata 'yar sa-kai da ke horo a jami'ar Ibadan, Margery Michelmore, ta rubuta wa wani abokinta kati tana kwatanta ƙazanta da talaucin da ta gani. Katin bai kai Amurka ba, ya faɗa hannun ɗalibai, aka kwafe shi aka rarraba, aka yi zanga-zanga, ita kuma ta koma gida. Alhaji, ka ba Nana wannan labarin. A lokacin kati ne guda. Yau hoto ɗaya a Instagram da kalma ɗaya ta raini sun isa gari ya juya mata baya.

Abu Sumayya: To ka ga, ɗan talla. Ai duk tafiyar ɗaya ce.

Mushe Tsoho: Ɗana, bari in ƙarasa maka labarin ajin, sai ka yanke hukunci. Ni yadda aka koya mini haka nake koyarwa: in cika allo da ƙa'idojin nahawu, yara su kwafe, su haddace, ranar jarrabawa su amayar. Yarana suna cin maki, amma ka tare ɗaya a hanya ka gaishe shi da Ingilishi, sai ya sunkuyar da kai yana murmushi.

Wata rana sai ga Sani da kwando. Tumatir, albasa, sabulu, ashana, sukari ƙulli ƙulli. Ya ja tebur biyu gaban aji ya baje su, ya yayyanka kwali ya rubuta kuɗi a jiki. Ya zaunar da wata yarinya, 'yar mai sayar da kayan miya, wadda ba a taɓa jin muryarta a aji ba. Ya ce ita ce mai kaya, kuma duk wanda ya yi Hausa ko Faransanci cinikinsa ya ɓaci. Yaro ya zo ya taya albasa da tsararren Ingilishinsa, yarinyar nan ta kalle shi sama da ƙasa ta ce ya yi kaɗan, ta janye albasarta. Aji ya fashe. Ta ƙi sallamawa sai da ya ƙara sau biyu, ta ƙirga canjinsa da Ingilishi, ta kuma ba shi gyara. Ina tsaye a taga, darakta na bayana ya zo tsawatarwa saboda hayaniya, shi ma ya tsaya kallo. Har na yi ritaya ina yin darasin kasuwar nan kowace shekara.

Shi kuma abin da ya ɗauka wurina: yadda ake tsayawa a ƙofa a yi shiru har aji ya nutsu, yadda ake raba allo gida uku, da sanin uban kowane yaro. Da ya fara zuwa fada da yamma yana shan shayi da iyayensu, tsiwar yaran ta ragu da kanta.

Ta-Damagaram: Baba Mushe ya tuna mini da tamu. Mace ce, muna ce mata Malama Hadiza. Zani da ɗankwali take ɗaurawa, tana hawa keke, yara na bin ta suna anasara, anasara, ita kuma ta tsaya ta gaishe su da Hausa har su ji kunya. Da azumi takan yi tare da mu, ko da yake ba musulma ba ce, sai la'asar ka gan ta ta yi laushi. Lokacin da aka so cire wata ƙawarmu a yi mata aure, sau da yawa tana zuwa gidansu, ta zauna a tabarma da kakar yarinyar. Auren dai an yi, amma an bari ta zauna jarrabawar BEPC ta kammala kwalej tukuna.

Sai dai Alhaji, ga ɗaya gefen. Ta kafa mana ƙungiyar Ingilishi ta 'yan mata, ta tara littattafai daga danginta, aka ba ta wani ɗan ɗaki. Da ta tafi, mabuɗin ya koma aljihun wani malami. Ba mugu ba ne, yana da iyali, yana da gona, yana koyarwa a wata makarantar kuɗi da yamma don albashi ba ya isa. Kafin shekara ta zagayo gara ta gama da rabin littattafan. Yau ni ma malama ce, kuma na fahimce shi sarai. Ita ba ta da miji, ba ta da goyo, ba ta da suna da biki da ta'aziyyar dangi. Lokacin da take da shi babu malamin gari da ke da irinsa. Shi ya sa abin da suka gina da wannan lokacin yakan bi su.

Mushe Tsoho: 'Yata, kin taɓo inda nake son zuwa. Alhaji ya tambayi wa ke duba su in ba lafiya. Kada ka damu da wannan, a nan ne bambancinmu da su yake. Sani ya taɓa kwanciya, idanunsa suka yi rawaya. Aka buga waya, mota ta taso daga Yamai ta ɗauke shi, suna da likitansu na kansu. Da abin ya fi ƙarfin Yamai, jirgi za a sa shi. A shekarar nan wani abokin aikinmu ya yi irin ciwon, karo-karo muka yi muka saya masa magani.

Tuwonmu ɗaya, zafinmu ɗaya, alawus ɗinsa bai fi albashinmu da wani abin kirki ba. Amma shi ya san ranar tafiyarsa tun ranar da ya sauka. Baƙo raɓa ne, ɗan gari kaba. A shekarun 1990, lokacin da muke wata da watanni ba albashi, ana yajin aiki, ga sefa an karya darajarta da rabi a Janairu 1994, su kuɗinsu na shigowa kan kari. Ba zargi nake ba, ba su suka tsara haka ba. Na gari a cikinsu sun san da wannan, ba sa zama a gabanmu suna kukan talauci. Waɗanda ba su gane ba su ne masu komawa gida suna cewa sun rayu kamar 'yan Afirka.

Ta-Damagaram: Kuma mun ga ƙarshen abin da idonmu. Sun fara zuwa Nijar a 1962, mutum 7 ne, kuma malaman Ingilishi. Kusan shekara 50 suna nan, sama da mutum 3,000 suka yi aiki a ƙasar, cibiyar horonsu na Hamdallaye kusa da Yamai. A Janairu 2011 aka sace wasu Faransawa biyu a wani gidan abinci a tsakiyar Yamai, suka rasa rayukansu. Cikin 'yan kwanaki aka kwashe 'yan sa-kai duka, 98, ana tsakiyar shekarar karatu. Wasu ko sallama ba su samu yi da mutanen garinsu ba. Har yau ba su dawo ba.

Ɗalibin Harshe: Haka aka sake yi a Maris 2020 saboda korona, wannan karon duniya gaba ɗaya, kusan mutum 7,000.

Maman 'Yan Biyu: Yaya Alhaji, ni ma'aikaciyar jinya ce a nan Amurka, kuma uwa, don haka bari in faɗi abin da maman Nana ke tsoro ta kasa furtawa. Ba zazzaɓi ba ne. A Maris 2009 aka kashe wata 'yar sa-kai mai koyar da Ingilishi a wani ƙauye a arewacin Benin, Kate Puzey. Ta kai ƙarar wani malami da take zargi da lalata da 'yan mata ɗalibai, ta roƙi a ɓoye sunanta, maganar ta fita. Iyayenta ba su yi shiru ba, wasu tsofaffin 'yan sa-kai mata da aka ci zarafinsu su ma suka je majalisa suka yi magana, har aka yi doka da sunanta a 2011, Obama ya sa hannu. Dokar ta tilasta wa hukumar kare masu kai ƙara da kula da waɗanda aka ci zarafi. An samu gyara, amma doka na Washington, yarinya kuma na ƙauye.

Ba ina cewa a hana ta ba. Ina cewa ku zauna ku tambaya: da iyali za ta zauna ko ita kaɗai? Ƙofarta na da sakata? Akwai sabis a garin? Ɗan sa-kai mafi kusa da ita tafiyar awa nawa ne? In ta ga ɓarna a makaranta, wa za ta gaya wa, kuma ta wace hanya? Sai maganin rigakafin maleriya, wanda dole ne su sha. Akwai wani mai suna mefloquine, sau ɗaya a mako, yana sa wasu mugayen mafarkai da firgici. Akwai wasu magungunan, ta yi magana da likita tun kafin ta tashi, kada ta daure ta yi shiru.

Baban Nana (Greensboro): Allah ya saka da alheri, ƙanwata. Wallahi ban san labarin yarinyar nan ba. Allah ya kyauta.

Ɗan Zango (Kumasi): Mu Ghana aka fara kawo wa, a Agusta 1961, malamai wajen 50 suka sauka Ankara zamanin Nkrumah. Amma akwai abin da duk ba ku taɓo ba. Duk labaran da kuka bayar na fararen fata ne. Nana baƙa ce, musulma, mai sunan Hausa. Mun taɓa samun wata baƙar Ba'amurkiya a wata makaranta a arewa. Ranar da ta iso wasu iyaye suka ce ina baturiyar da aka yi musu alkawari. Fara in ta yi kuskuren gaisuwa a yi dariya a ce tana ƙoƙari. Ita in ta yi, a ce ba ta da tarbiyya. Fara ta zauna cikin maza a majalisa a ce al'adarsu ce. Ita ta zauna, magana ta zaga gari.

Nana in ta faɗa arewacin Benin, Parakou ko Djougou ko Kandi, za ta tarar da Hausawa a zango, za a karɓe ta hannu biyu biyu. Amma daga ranar ta zama 'yar gida, dokar 'yar gida kuma ta hau kanta. Me ya sa ba ki rufe kai ba, me ya sa ba ki yi aure ba, ɗan wane yana sonki. Fara ba ta biyan wannan harajin.

Inna Mai Fura: Ahaf. Na ce muku maganar aure za ta dawo.

Ɗan Zango (Kumasi): Inna, ai ke ce irin wadda za ta tarar a can.

Inna Mai Fura: Kuma da na riƙe ta kamar 'yar cikina, ja'iri.

Ɗalibin Harshe: Batun Indonesiya, a can 'yan sa-kai da iyali suke zama, kuma ba a ba su aji su kaɗai, tare suke shiga da malamin Ingilishi ɗan ƙasa. Da yawa makarantun madarasa ake tura su a tsibirin Java. Ga musulma, salla da azumi da abinci ba za su zama matsala ba, ƙasar da ta fi kowace yawan musulmi ce. Sai dai harshe daga tushe za ta fara, kuma can baƙar fata abin kallo ce.

Ina so in koma kan maganar Malam Abu Sumayya, wa ke cin riba. Mu 'yan sashen Hausa muna da misali a gabanmu. Paul Newman yana cikin rukunin farko da aka kawo Najeriya a 1961, ya koyar a sakandare a Maiduguri. Daga baya ya zo Kano ya jagoranci cibiyar nazarin harsunan Najeriya, kuma babu mai nazarin nahawun Hausa yau da zai tsallake aikinsa. Marigayi Russell Schuh aikin sa-kai ya kawo shi Nijar a tsakiyar shekarun 1960, a yaƙi da jahilci a yankin Agadas, ya ƙare farfesa a jami'ar California da ke Los Angeles, yana rubutu kan Hausa da Ngizim da Bade. Sun zo koyarwa, suka koma da sana'ar rayuwa.

Abu Sumayya: Ka gani ko? Su farfesa, yaran da suka koyar fa?

Mushe Tsoho: Wasu ma'aikata, wasu 'yan kasuwa a Kano da Legas da Ingilishin da suka tsinta, da yawa manoma. Yarinyar albasar nan ungozoma ce yanzu. Amma ɗana, in ribar ta fi yawa a gefensu, wannan karon ai 'yar Alhaji ce za ta ci ta. Me ya rage na faɗa?

Abu Sumayya: Baba ka ɗaure ni. Amma har yanzu ina kan bakana game da gwamnatinsu.

Baban Nana (Greensboro): Kowa ya yi gaskiya. Ita ma ba ta ɓoye mini lissafinta ba: in ta kammala akwai kuɗin sallama wajen dala 10,000, ana iya jinkirta mata biyan bashin karatu na gwamnati, akwai jami'o'in da ke rage wa tsofaffin 'yan sa-kai kuɗin digiri na biyu. Hutu kwana 2 ne a kowane wata, ana tarawa. In Benin ce, ta ce za ta nemi izinin ofishinsu ta leƙa kakarta in hali ya yi. Hausarta dai ta kicin ce, tana ji amma amsawa sai da Ingilishi. Daren nan zan karanta wa uwarta duk abin da kuka rubuta, har da na Inna.

Ta-Damagaram: Alhaji, ka ƙara mata da wannan daga bakin malama. Zangon farko kada ta kafa komai, ba ƙungiya, ba ɗakin karatu. Ta nemi izini ta riƙa zama a bencin baya a ajin malaman gari, har na lissafi da tarihi, ta ga yadda suke riƙe yara 70 da alli guda. Duk abin da za ta fara daga baya, ta fara shi da malamin da ke da gida da gona a garin, ba wanda ke jiran canjin wurin aiki ba, kuma ya zama abin da za a iya yi cikin awa ɗaya a mako ba tare da kuɗin kowa ba.

Mushe Tsoho: Ta kuma koyi rubutu a allo tun daga nan. Yaran Amurka na yanzu da kwamfuta suka tashi, layinsu gangarowa yake yi, haruffa ƙanana, na bencin baya ba ya gani. Alhaji, ka samo mata katako ka shafa baƙin fenti ka jingina a gareji. In ta iya cika shi da layi madaidaici ba ta juya wa aji baya fiye da minti ɗaya ba, ka ɗauko hoto ka turo mana in ba ta maki.